Furar Ɗantani a Bakin Ƙofa

Kafin Nasara ya shigo Sakkwato, duk makiyayin da ya taɓa shayar da shanu a Shagari ya san Ɗantani mai jan guga. Damatsansa kamar turmi, yana ja yana yi wa shanu faɗa da sunayensu.

Wata safiya igiya ta kuɓuce masa, baki ya karkace, ɓarin hagu ya shanye. Aka ɗora shi a jaki sai Bodinga, gidan 'yarsa Zulaihatu.

Can ne ladabi ya kusa ƙarasa shi. Surukinsa Abu ko ido ba ya iya haɗawa da shi, balle ya bar shi ya motsa. In ya kai hannu ga buta, sai a durƙusa a miƙo masa. In ya yunƙura, sai a ce Baba ya huta. Kafin kaka, har hannun da ciwon bai taɓa ba ya zube, fata na reto, ƙafafu kamar karan gero. Ya ce yana son komawa bakin rijiyarsa kafin rani, kada a ba wani wurinsa. Suka ce Allah ya yarda, suka ƙara masa matashi.

Sai ga Dije, 'yar kawunsa, ta zo dubiya. Taubashiya ce, ita kaɗai ke da ikon yi masa rashin mutunci ba a ce komai ba. Ta ɗaga hannunsa na dama ta saki, ya faɗi yaraf.

"Wanga na Ɗantani? Ni na aza tsumma anka yar."

Ta karɓe ƙwaryar fura daga hannun Zulaihatu, ta dire a bakin ƙofa. Abu ya sulale waje don kunya.

"Ga hura can, raggo. In ba ka tahowa, ni in sha."

Ta kuwa kai ludayi baki. Ɗantani ya ja gindi yana zagin kakanta, tana tuna masa kakan nasu ɗaya ne.

Kullum ƙwarya sai ta ƙara nisa, daga ƙofa zuwa gindin turmi, har zaure. Da ya fara dogara sanda, ta rataya masa tulu da igiya a reshen kurna, ta ce ba ja, ba fura.

Rani ya same shi a Shagari. Hagu dai bai dawo ba. Ya ja da dama, ya take igiya da ƙafa, ya sake ja, guga ya fito rabi. In makiyaya sun yi ƙorafin jinkiri, sai ya ce su kai ƙara wurin Dije. Har ya rasu, ba ya shan fura sai ya rungume ƙwaryar ya waiga.