Mai Salatif da Salar da Ya Wanke

Shekara ashirin da uku Mai Salatif ya yi yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, kuma aikinsa ɗaya ne: ɓare dutse. Wani baƙin dutse ne mai ƙyalli, shafi kan shafi kamar littafi. Sai ya manna masa salatif ya ɗaga, ya sake mannawa ya ɗaga, har ya sami sala wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Daga nan ya dasa mata wayoyin zinariya, a auna yadda lantarki ke ratsa ta.

Matarsa kan ce, "Maigida, mutane na fasa dutse su yi gini, kai kana feraye shi kamar albasa."

Wata Talata da hantsi ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ya tura wa wata sala wuta, ya kashe, amma ta ƙi mantawa da inda wutar ta fuskanta. Da ya kara mata maganaɗisu, sai allurar awo ta juya baya. Sau tara yana maimaitawa, sau tara tana yi.

Ya kai wa Farfesa, shugaban ɗakin, labari.

"Datti ne a wayar, Malam. Wanke ka sake wata."

"Ranka ya daɗe, sau tara fa."

Farfesa ya yi dariya. "To, ko mu yi musayar kujera ne?"

Mai Salatif difloma kawai gare shi. Ya koma ya goge salar da sinadari. Ko a littafin aiki bai rubuta ba.

Bayan shekara shida, wata malama ta shigo da mujalla. Masu bincike a wata ƙasa sun gano wannan hali a irin dutsen nan, har ana zancen yin ma'ajiyar bayanan kwamfuta da shi. Farfesa ya zo ya tsaya a bakin teburin Mai Salatif.

"Malam, awon nan naka... akwai takardarsa?"

"Na wanke, ranka ya daɗe."

Yanzu Mai Salatif ya yi ritaya, hannunsa na karkarwa, ko zare ba ya iya zurawa a allura. Bai taɓa zagin Farfesa ba. In matarsa ta tayar da zancen, sai ya ce, "Shi bai gani ba. Ni da na gani na yi shiru."