Baba Gwadabe da Babur ɗin da Ya Kwana Uku a Ruwa

A da, da hantsi, ko ana yayyafin nan na ƙarshen damina, za ka tarar Baba Gwadabe bakanike ya share rumfarsa a bakin kasuwar Haɗeja, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga babba zuwa ƙarami. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya yi bisimilla. Daga kekuna ya fara, har babura suka shigo gari. Bana ido ya gaza, ya naɗe buhunsa. Ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani.

Shekarar da agana ta faɗa wa ƙauyukan masunta bayan Kirikasamma, babur ya zame da Malam Tukur, malamin lamba, wato mai rigakafi na hukumar En'e, a wani gurbi da masunta ba sa jefa koma cikinsa, don an ce na aljanun ruwa ne. Shi Tukur ya fita. Babur ya kwana uku a ƙasa. Da aka jawo shi da igiya, ba wanda ya yarda ya waiwaya.

Aka kai wa Baba, ya kwance injin kaf, ya wanke da kananzir, ya sa wa fistin sabon zobe. Ran Juma'a ya bar shi a buɗe ya tafi masallaci, da aka sauko ya rufe. Asabar da safe ruwan lamba ya iso daga Kano, kuma ba ya jure zafi ya wuce kwana biyu. Ga kogi yana hawa, yau ko gobe hanya ta nutse. Can kuwa yara ne ake binnewa.

Tukur ya taka kik. Injin ya juya a hankali, da nauyi, kamar akwai mai riƙe shi daga ciki. Ya yi wani dogon nishi ya tsaya. Ya sake takawa, haka. Mutanen da suka taru suka ja da baya.

"Baba, masu shi fa ba su sake shi ba," in ji Shu'ibu masunci. "A mayar musu da kayansu a zauna lafiya."

"To Shu'ibu, in sun zo ka ce su riƙe mini sifana."

Ba wanda ya yi dariya. Shi kansa Baba ya sake yin bisimilla, don warin laka yake ji daga injin da ya wanke da hannunsa.

Ya cire fulogi, ya ce a taka. Nauyin na nan, ashe ba matsin iska ba ne. Ya murza baƙin mai a yatsa, bai yi kauri ba. Ya san zoben bai matse ba, ya gwada tun jiya. Sai ya kafa tsinin sukundireba a jikin injin, ya kara kunne a ƙotar, ya rufe ido.

"Tukur, taka. Sannu."

Abin da ya ji kamar sawun ƙafa ba takalmi cikin taɓo. Caɓ. Caɓ. Daga hagu yake fitowa, gidan sarƙa. Ya kwance marfin, ya zura yatsu cikin duhun. Ya taɓa wani abu mai laushi, mai sanyi, kamar fatar mutum. Bai janye hannu ba. Ya jawo shi baƙi ƙirin, a kumbure, da zare yana reto.

Laya ce. Fatar ta sha mai ta kumbura, ta cushe ƙarƙashin sarƙar.

Ya ɗaga kai. Can bayan mutane ga Iya Zainaba, mahaifiyar Tukur, ta toshe baki da mayafi. Ita ta kawo fura ran Juma'a lokacin da rumfa ba kowa. Layar tsarin ruwa ta karɓo wa ɗanta, ta nemi wurin da ba za ta taɓa faɗuwa ba, ta cusa ta cikin injin.

Baba ya dunƙule hannu. "Tsumma ne. Ni na manta shi ciki. Tsufa!"

Nan kasuwa ta ɗauki shewa. "Aljanin Baba tsumma ne!" Taka ɗaya babur ya kama. Da azahar Tukur ya ƙetare fadama, ruwa na dukan cinyarsa, ya yi wa yaran ƙauye huɗu lamba. Washegari hanyar ta nutse. Shekara bakwai ana tsokanar Baba da tsumma, bai taɓa gyara zancen ba. Sai bana, da Iya ta ji ya ajiye aiki, ta faɗa da bakinta.

Baba Gwadabe, mai kunnen ƙarfe. Kai ne ka zura hannu inda kowa ya ja da baya, kai ne ka ɗauki kunyar da ba taka ba. Yaran nan sun girma fuskarsu sumul, ba su san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya saka, Ya ƙara wa idonka haske. Masu riƙe sifana a bayanka, ku saurara kafin ku kwance, ku rufa asiri in kun gano.

A ranar da babur ɗin ya kama, kafin Tukur ya hau, Baba ya ce bari ya duba sirdi. Ya sunkuya, ya ɗaure layar da waya a ƙarƙashinsa, inda ba ta taɓa komai. Iya ta gani. Ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, shi kuma ya goge hannu ya jawo keken da ke jira.