Dagin da muka yi wa haƙora a shekarar fari

Shekarun baya, tun kaina yana da gashi kuma gwiwoyina ba su fara ƙara ba, ina da 'yar rumfar walda a Tudun Wada, cikin Gusau. Ba ta lantarki ba ce, ta gas ce, irin wadda ake zuba kabayid a tukunya a sa masa ruwa ya yi ta tafasa yana wari. Kekuna nake liƙewa, da salansar mota, da gadajen ƙarfe na amare. A lokacin gani nake babu ƙarfen da ya fi ƙarfina a duniya.

Sai aka shiga babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Mahaifiyata tana zaune da yayana a wata 'yar unguwa bayan Bungudu, kuma rijiya ɗaya gare su duk unguwar. Ta ƙafe. Mata sukan fita tun sassafe zuwa gulbi su tone rairayi, su dawo da rana tsaka da rabin tulu mai laka. Shanu suka fara kwanciya ba su tashi. Gida bayan gida, mutane suna ɗaure kaya suna barin garin.

Na hau mota na je da niyyar in ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ba ni tashi. Nan aka kawo ni ina yarinya, nan na haihe ku. In ruwa kake son ba ni, ga rijiya can."

Yayana ya kai ni bakin rijiyar. Shi da mazan unguwa sun yi ta ƙara mata zurfi har suka tarar da baƙin dutse shimfiɗe a ƙasanta. Diga ta lanƙwashe. Dagi kuwa, wato dogon ƙarfen haƙa, maƙeri ya wasa shi da safe, kafin azahar bakinsa ya koma kamar taɓarya. Sun gwada hura wuta a kan dutsen don ya tsage, hayaƙi ya kusa kashe mutum a ciki, suka bari.

"Amma da safe dutsen gumi yake yi," in ji yayana. "Ruwa na nan ƙarƙashi, ba nisa. Ƙarfen da zai ci shi ne babu."

Na koma Gusau ba ni da daɗi. Ina da wani aboki ɗan Tsafe da ke aiki a wata masana'anta, a kan injin da ke fere ƙarfe. Da na ba shi labari sai ya ce, "Ni cikin duwatsu aka haife ni, dutse ba baƙona ba ne. Kabayid za ka sa masa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na nuna masa gwangwanin kabayid ɗina na ce, "Wannan da ke narkewa cikin ruwa shi zai fasa dutse?"

Ya ce in daina ba da kaina kunya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Washegari ya zo mini da wasu 'yan guntaye masu ruwan toka, ƙanana amma da nauyi, waɗanda ake ɗaura wa injinsu a baki. In sun gutsure zubar da su ake yi, ya roƙi shugabansu ya ba shi. Na sa zarto a kan ɗaya, zarton ne ya cinye. Na karce kwalba da shi, ya ja mata layi kamar alli a jikin allo.

Muka tsaga bakin wani sabon dagi, muka cusa guntu mafi girma, na narka tagulla na liƙe shi. Ranar Juma'a na kai shi Bungudu ina tafe ina ɗaga kafaɗa. Aka zura yayana da igiya. Muka ji bugu na farko, muka ji na biyu, sai muka ji ya yi salati.

Da aka jawo shi, jini ya rufe masa rabin fuska. Kabayid ɗin ya tarwatse kamar tangaran, wani ɓarɓashi ya tsaga masa gira, kaɗan ya rage ya shiga ido. Mahaifiyata ta zo da gudu ba mayafi. Ta wanke masa wurin da ɗan ruwan da ta ajiye don sha, sai da jinin ya tsaya sannan ta juyo kaina.

"Ɗauki ƙarhenka ka koma birni," ta ce. "Ƙishirwa ba ta makanta mini ɗa ba, kai za ka makanta shi?"

Na koma Gusau, ban ci abinci ba ranar. Abokina ya same ni a rumfa na zabga tagumi, ya juya ragowar dagin a hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce abin ya cika tauri ne, ba ya lanƙwasa ko kaɗan, shi ya sa in bugu ya yi yawa sai ya fashe gaba ɗaya. Ni kuma na lura tagullar da na liƙe shi da ita ko tsagewa ba ta yi ba, lotsawa kawai ta yi. Na ce to in aka daka shi ya zama tsaki-tsaki, aka birne cikin tagullar fa? Kowace ƙwaya ta ci dutse, tagulla ta shanye bugun.

Muka gasa guntayen sai da suka yi ja, muka tsoma a ruwa, muka zuba cikin guntun bututun ƙarfe muka yi ta daka da guduma. Maƙwabcina mai facin taya ya leƙo ya tambaya ko yaji muke dakawa.

Wannan karon ban yarda in gwada a kan ɗan'uwana ba. Ranar Lahadi muka tafi Tsafe, bayan gidan su abokina, inda duwatsu suke zube babu mai tambayarsu. Na tafi da tukunyar waldata a bayan mota. Haɗin farko na cika masa tsaki, tagulla kaɗan. Bugu kaɗan ya zube kamar garin kwaki. Na biyu na yi rowar tsakin, ya daƙushe nan da nan. Haka muka wuni, a narka, a buga, a kankare, a sake, har hannayenmu suka yi kanta. Wajen la'asar muka dace da wani haɗi. Abokina yana bugawa yana juya dagin, farin gari yana fita, rami yana shiga. Muka duba bakin, yana nan da kaushinsa kamar harshen kyanwa.

Na yi guda uku irinsa na koma Bungudu. Ban nufi rijiya ba, ɗakin mahaifiyata na shiga na durƙusa. Na ce, "Inna, ni zan shiga da kaina. In ya fashe, fuskata ce."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko bishiya ba ka iya hawa?" Sannan ta ce, "Ka ɗaure idonka da gilashin nan naka na aiki. Yayanka ma ka ba shi ɗaya."

Gaskiyarta, da aka zura ni sai na ƙanƙame igiya, sama ta koma kamar faifai. Ni da yayana muka riƙa karɓa-karɓa. Mu huda ramuka a jere, mu cusa ƙarafa mu doka har ɓangare ya ɓalle, a jawo shi sama da guga. In baki ya cinye, in fito in sake shafa masa haɗin. Kwanaki muka yi a haka, wasu gidajen ma sun riga sun ɗaure kaya suna jiran su ga ƙarshenmu.

Wata safiya ina bugu sai na ji ƙarar ta sauya, ta yi taushi. Garin da ke fitowa ya daina tashi, ya zama kamar kunu. Na zare dagin, sai ga ruwa yana tasowa daga ramin a hankali, ya zagaye mini yatsun ƙafa, da sanyi. Na zauna cikin lakar ina ta maimaita Alhamdu lillahi. Yayana ya leƙo daga sama ya ce, "Lahiya?" Na jiƙa hulata na saka a guga aka ja.

Guɗar da na ji daga can ƙasa, ban taɓa jin irinta ba ko a gidan biki. Da na fito, mahaifiyata ta tsiyayi na farko a ƙoƙo, ta jira ya kwanta, ta kurɓa, ta miƙa mini ragowar. "Sha," ta ce, "ka wahala."

Har yau in na tuna, ba alfahari nake ji ba, wani sauƙi nake ji yana sauka a ƙirjina, kamar an sauke mini kaya. Na koyi cewa abin da zai shiga hannun ɗan'uwanka, ka fara gwada shi inda in ya ɓaci dutse kaɗai zai ji.

Kwanan baya jikata da ke karatun injiniya take faɗa mini cewa yanzu ana zuba garin kabayid cikin wani ƙarfe marar nauyi da ake kira titaniyom don ya ƙara ƙarfi, kuma in aka zuba fiye da kima sai ya riƙa tsagewa. Na ba ta wannan labarin. Ta gyara zama ta ce, "Kaka, to kashi nawa cikin ɗari kuka sa?"

Na ce, "Yarinya, ba mu da sikeli. Da ido na auna, da kuma tsoron Inna."