Hannun Baba a Gaban 'Yan Ajinmu

Mu biyar ne a rukunin karatunmu, shekarar da muka fara shiga asibiti a makarantar likitanci. Duk Asabar gidan ɗayanmu muke haɗuwa, kowa ya koyar da babin da aka ba shi. Gaskiya rukunin nan shi ya riƙe ni. Ni kaɗai ba na iya awa guda a kan littafi, amma tsoron kada in ji kunya a gabansu ya sa nake haddace babi kaf.

Ranar da layi ya zo kaina suka hau adaidaita har gidanmu a Challawa, suna toshe hanci tun daga kwatar kamfanoni. Na shanye wannan. Muna zaure bayan la'asar, muna kan cututtukan fata, sai ga Baba ya dawo daga kamfanin jimar fata, inda yake aiki tun kafin a haife ni.

Shugaban rukunin, wani ɗan Bompai mai rawar kai, ya miƙa masa hannu, bai kuma saki ba. Ya juya hannun, ya kira sauran su zo su ga tsagewa da gyambon da ke tsakanin yatsu. Sai ya shiga gabatar da shi da Turanci, yadda muke gabatar da majiyyaci a gaban malami. Suka zagaye shi ana musu, wata har hoto ta ɗauka. Ko gaisuwa ba su ƙarasa ba. Baba yana tsaye riƙe da ledar kayan aikinsa, yana ta "to, likita" ga yaron da ya haifi sa'ansa.

Na ce su tattara su bar mana gida. Wai ai karatu ne. Karatun me? A gidansu za su yi wa ubansu haka? Na fita daga rukunin, na tsani littafin ma, sati uku ban buɗe shi ba, ga jarrabawa ta matso.

Wata safiya Baba ya kira ni. Na zaci faɗan korar baƙi zai yi. Ya ɗora hannuwan a gwiwa, ya ce, "Abokan nan naki sun daɗe suna magana a kan hannun nan. Me suka ce yana damuna?"

Na san amsar: sinadaran jimar da yake taɓawa kullum ne ke cin hannun. Tun bara na san ta, kuma ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa ba.