Rajistar Shanun Yahuza

Yahuza ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana rubuta takardar shaidar shanu a kara, kasuwar shanu ta Wudil. Duk saniyar da aka sayar ranar Juma'a sai ta shiga littafinsa: launinta, yanayin ƙahonta, tsagar kunne, wa ya kawo ta, wa ya saya, wa ya tsaya shaida. In aka zo cigiyar saniyar sata, wurinsa ake zuwa.

Sai wani kamfani ya zo wa ƙungiyar dillalai da manhaja. Aka saya wa Yahuza kwamfuta. Da yatsa biyu, wata takwas, ya kwashe littattafan nan kaf ya zuba a ciki. 'Yan kamfanin suka ce takarda ta gama aiki. Shi kuma sakarai ya raba wa masu tsire littattafan su naɗe nama.

Na ce masa, "Kai Yahuza, abin da ba za ka iya buɗewa da hannunka ba, naka ne?"

Ya ce, "Yaya, ke kin tsaya a zamanin tafireta."

Bayan shekara biyu kamfanin ya fito da sabuwar manhaja, ya rufe tsohuwar, ya ninka kuɗi. Ƙungiya ta ce ba za ta biya ba.

Ana nan aka kama Sabo, wani manomi daga Achika, wai bijimin da yake huɗa da shi na sata ne. A gaban Yahuza ya saye shi. Dillalin ya rasu, takardar Sabo kuma gara ta cinye. Saura rajista.

Ni na raka Yahuza shagunan kwamfuta na bakin jami'a, har guda biyar, da filashin da ya kwafe rajistar a ciki a aljihu. Ko'ina aka sa, sai wasu ƙwarangwal ɗin alamomi su cika fuskar kwamfutar. Wani mai shago ya ce, "Baba, wannan su kaɗai ke da makullinsa."

Muka kira kamfanin. Wata yarinya ta ce, "Ai bayanan naku ne, Baba, ba mu taɓa muku ba. Ku sabunta kawai."

Na karɓe wayar. "'Yata, mutum na kulle. Layi ɗaya muke so ki karanto mana."

"Hajiya, tsarinmu bai ba da dama ba."

"Tsarin naku ya taɓa kwana a bayan kanta?"

Ta kashe.

Yahuza ya je gaban alƙali ya zayyana bijimin nan da ka, har tabon da ke cinyarsa ta hagu. Aka ce ina rubutu. Babu.

Kwanan Sabo goma sha tara a tsare. An sake shi, amma an ba mai ƙarar bijimin ana tsakiyar damina, ɗayan bijimin Sabo kuma ba ya jan garma shi kaɗai. A Achika har yau akwai masu ƙara ɗaure awakinsu in ya gifta.

Yahuza ya ajiye aikin a watan. Ya je Achika sau biyu neman gafara. Sabo bai fito ba.