Malam Zakariyya'u, Wanda Ya Zaɓa Mini Kyamara

Ranar Talata, 9 ga Maris 2004, da hantsi, ina tsakar gida a Romi ina gyaran ƙafar kujera, wayata ta yi ƙara. Sadiya ce, babbar 'yarka. Ta gaishe ni a natse kamar yadda ka tarbiyyantar da ita, sannan ta ce, "Baba Ernest, Malam ya cika da asuba. Za a kai shi kafin azahar." Na ajiye guduma, na sa riga, na fita neman mota. Kafin in haye gada in isa Tudun Wada, an riga an dawo daga maƙabarta. Ban ga fuskarka ba, Malam Zakariyya'u. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin akwai maganar da ban samu na faɗa a zaman makoki ba.

Ga wanda bai san ka ba, kai mai gyaran agogo ne a Tudun Wada, shagonka yana jikin zauren gidanka. Ni kuwa, Ernest Shekari, makanikin injin saƙa ne a wata masaƙa da ke Kakuri, mutumin Zonkwa. Na yi haya a gidan da ke manne da naka, ni da matata Celina da 'yarmu Phoebe. Agogo ne sana'arka, amma hoto ne abin da ranka yake so. Ba ka taɓa mai da shi sana'a ba. Duk Asabar za ka rataya kyamara ka bi bakin kogi, ka ɗauki masu wanki da masu ɗibar yashi da masu lambu, ka dawo ka shige wani ɗan ɗaki a bayan gida da ka toshe tagarsa da baƙin ƙyalle, ka wanke hotunan da kanka. Mako na zagayowa ka kai wa kowa nasa.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, 1999, kowa a garin nan yana ta shirin sabuwar rayuwa. Ni nawa shirin ƙarami ne: ina son in mallaki kyamara, domin Phoebe tana girma ba mu da hotonta sai na ranar baftisma. Na gaya maka, ka ce kada in kuskura in je ni kaɗai. Ka rufe shago da rana tsaka, muka shiga bas zuwa shagon wani Alexander kusa da Babbar Kasuwa, mai sayar da kyamarorin gwanjo.

Ina shiga idona ya faɗa kan wata baƙa mai sheƙi, mai dogon hanci, wadda take yin komai da kanta. Ka bar ni na riƙe ta har na ƙoshi, sannan ka tambaye ni abin da nake son ɗauka. Na ce iyalina, da taron coci, da gida in mun je Kirsimeti. Ka ce to wannan ba tawa ba ce, domin ranar da batirinta ya mutu a ƙauye, sai dai in rataya ta don ado. Ka sa hannu can ƙasan kanta ka jawo wata tsohuwar Pentax ta ƙarfe, fentinta ya goge a gefe. Ka buɗe bayanta ka ɗaga ta sama kana leƙawa, ka kara ta a kunne kana dannawa, kamar yadda kake sauraron agogo.

"Jikin kyamara akwati ne kawai, Baban Phoebe," ka ce. "In ba ya yoyon haske, kuma yana buɗewa yana rufewa a kan lokaci, ya gama aikinsa. Gilashin gaba shi ne ido. A nan za mu daɗe."

Kuma mun daɗe. Alexander ya yi ta jero gilasai a kan kanta, kana ɗaga kowanne kana duba cikinsa ko danshi ya yi masa saƙa. Ni ina ta hangen mai jawo nesa kusa, kai kuwa ka tsaya a kan wani gajere mai lamba hamsin, wanda ba ya gaba ba ya baya. Ka ce shi yake gani kamar yadda idon mutum yake gani, kuma yana shan haske ko a cikin ɗaki. Ka ce in ina son fuska ta cika hoto, in taka da ƙafata in je kusa da mai ita in gaishe shi. Fitilar kyamara, wadda muke ce wa filas, a kanta ne kuka yi ta ja da Alexander. Shi yana so ya ba ni ƙarama mai kallon gaba kawai, kai ka dage sai mai kai da ake ɗagawa sama. Ka yi mini bayani cewa in haske ya bugi fuskar baƙin mutum kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, farar riga ta ƙone. In kuwa aka harba shi sama ya bugi silin ya sauko, sai mutum ya fito yadda matarsa ta san shi. Har yau da wannan kyamarar nake aiki.

Ba mu yi shekara muna yawon Asabar tare ba, rikicin Fabrairun 2000 ya ɓarke. Ba zan faɗi abin da idona ya gani a layinmu ba, mutanen Kaduna sun sani. Abin da zan faɗa shi ne, tun da safe, da hayaƙi ya fara tashi, kai ne ka haura katangar da ke tsakaninmu da tsani, ka miƙa Phoebe ga matarka Hajiya Hadiza, sannan ka riƙe wa Celina tsanin. Ka kai mu ɗakin wanke hoto, ka ce mu zauna a ƙasa, ka ja ƙofa ka sa kwaɗo ta waje.

Ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Babu wutar lantarki, saboda haka ko jar fitilarka ta wanke hoto ba ta kama ba. Rana tana tsaka a waje, mu kuwa ba ma ganin tafin hannunmu. Warin ruwan wanke hoto yana hawa kai, zafi ya cika ɗakin, ga Phoebe tana fama da tari. Duk lokacin da ya taso mata, Celina takan danna fuskarta a ƙirji har sai ya lafa. Muna jin gudu da ihu a bayan bango, ba mu san wa ake bi ba. Ba mu san safiya ko yamma ba sai ta kiran salla, da kuma lokacin da Hajiya za ta ɗan buɗe ƙofa ta turo kwano da buta. Na riƙe jakar kyamarata a cinya, ita kaɗai na fito da ita daga gida, ban ma san na ɗauko ta ba.

Rana ta biyu wasu samari suka shigo har tsakar gida. Muna jin takunsu. Ɗaya ya tambayi abin da ke cikin ɗakin da aka kulle. Na ji muryarka, ba ta ɗaga ba, ba ta yi rawa ba.

"Ɗakin hoto ne. Takarduna suna buɗe a ciki. Wanda ya sa musu haske ya lalata mini su, sai ya faɗa mini sunan mahaifinsa."

Duk a gabanka suka tashi, wasu ma kai ka ɗauki hotunan ranar sunansu. Suka yi ɗan tsaye-tsaye suka fita. Daga baya na gane cewa da gaske ka buɗe kwalin takardun hoton ka bar shi a kan tebur kafin ka kulle mu, domin ko a irin wannan rana ba ka so ƙarya ta fito daga bakinka. Da motar sojoji ta shigo unguwa kwashe mutane zuwa bariki, kai ka rako mu har bakin titi, Phoebe a kafaɗarka.

Daga bariki muka koma Romi, kamar yadda dubban irinmu suka yi. Gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa. Mun tsira da rai, amma sai ya zama kamar an kewaye kowa da shinge. Celina ba ta yarda in shiga Tudun Wada, Hajiya ba ta yarda ka zo Romi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Bakin kogin da muke yawo ya zama wurin da mutum ba ya tsayawa da kyamara, domin sai a tambaye shi wa ya aiko shi. Sai muka samu mafita a Trikania, bakin babban titi, wajen wani mai shayi. Nan muke haɗuwa jefi-jefi, in kawo maka hotunan da na ɗauka, ka baje su a kan benci kana dubawa. Ba ka taɓa cewa hoto ya yi muni ba. Sai dai ka ce, "A nan ka yi nisa," ko "A nan ka ji tsoron mutumin." Muna gamawa kowa ya tsallaka titi ya shiga motar da ta nufi ɓangarensa.

Bayan rikici na biyu, na ƙarshen 2002, ko wannan haɗuwar sai da ta tsaya. Ana cikin haka hawan jini ya buge ka a shago, ɓarin jikinka na dama ya shanye. Hannun da yake ɗaukar ƙusar agogo da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya koma ba ya riƙe cokali. Da Sadiya ta gaya mini, na ce wa Celina zan tafi. Ta shiga ɗaki ta ƙullo garin citta da zuma ta ce in kai wa Hajiya.

Na same ka a ɗakin gaba, kan gado, kusa da taga mai sandunan ƙarfe. Maganarka ta yi nauyi, amma hankalinka garau. Ka nuna mini kyamararka a rataye a ƙusa, ka ce duk kyamarar da ka taɓa gani a duniya, maɓallinta a dama yake, ba wanda ya tuna da mai hagu. Ka yi dariya da rabin baki. Ni ban iya dariyar ba.

Na koma wajen Alexander na gaya masa halin da ake ciki. Wannan karon ni ne mai zaɓe, kuma tambayarka na fara yi wa kaina: me mutumin nan zai ɗauka? Ba shi da komai sai abin da taga ta nuna masa. Saboda haka na ɗauki abin da ka hana ni a da, gilashi mai jawo nesa kusa. Na haɗa da ƙafa uku da za a ɗora kyamara a kai, da wata 'yar igiya da ake ɗaura wa maɓalli, mutum ya danna daga inda yake kwance da kowane hannu. Filas kuwa ban saya ba, domin haskensa ba zai kai ko bakin kwata ba. Da na kafa maka su a jikin taga, ka duba gilashin ciki da waje, ka daɗe, sannan ka ce, "Ba laifi. Ka koyi zaɓe."

Tun daga nan duk Asabar ina hanya. In karɓi fim ɗin da ka cika, in kawo na makon jiya a wanke. Duniyarka ta koma faɗin taga ɗaya: bangon makwabta, igiyar shanya, da ɗan guntun layi zuwa kwana. A cikin wannan ɗan wuri ka ɗauki masu tura kurar ruwa, da tattabaru a kan kwano, da mata masu dawowa daga kasuwa, da wata akuya da ta mai da gindin bango gidanta. Wasu hotunan da sandar taga a gefensu, ka ce in bar ta, kada in sa a yanke, domin tana nan. Sau da yawa ka ce in ka samu sauƙi za mu koma bakin kogi. Mun sa rana ba sau ɗaya ba, jiki ya hana.

Ranar da ka rasu, bayan na yi wa maza gaisuwa a ƙofar gida, Hajiya ta aiko a shigo da ni. Gadon an naɗe shimfiɗarsa, amma kyamarar tana nan a kan ƙafafunta, tana kallon waje, igiyar tana reto.

"Tun ranar Lahadi ya sa Sadiya ta saita masa ita, ya hana kowa taɓawa," in ji Hajiya. "Leƙa ka gani, Baban Phoebe."

Na sunkuya na sa ido. An saita ta daidai kwanar layi, inda mai zuwa daga titi yake fara ɓullowa.

Hajiya ta ƙara da cewa, "Ya ce kullum in zai ɗauke ka sai ka ƙame kamar soja. Ya ce ranar Asabar zai kama ka kafin ka gyara fuska."

Na tsaya a wurin ban san tsawon lokacin ba. Mutane suna ta ɓullowa daga kwanar, masu zuwa yi maka gaisuwa, kowa ya fito tar.

Malam, addininmu ba ɗaya ba ne, amma Allahn da ka ji tsoro ranar da ka kulle mu a ɗakin nan, shi nake roƙo. Ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata makwancinka ya haskaka shi. Ya saka maka da abin da ni da Celina da Phoebe ba za mu iya saka maka ba. Hajiya Hadiza, Allah ya ba ki haƙuri da dangana, ya biya ki jinyar da kika yi. Sadiya da ƙannenki, Allah ya raya ku a kan halin mahaifinku, ku sani kuna da gida a Romi. Ga 'yan'uwa da makwabta da dukan jama'ar Tudun Wada, ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo. Amin.