Yadda Muka Gina Laburaren Bayanan Ruwa a Fadamar Baturiya

Da asubar ranar Talata, muna sallame sallah muka bar Haɗeja, mu uku a mota: ni, da direba, da sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa wanda ya zo takanas ya ɗauke ni. Aikina na shekaru shi ne awon ruwan kogi. Kwamfuta kuwa da girmana na koye ta, ba tare da wata takardar jami'a ba.

Ga dalilin tafiyar. Shinkafar fadama tana bukatar kamar mako guda ta gama nuna, ruwa kuma yana ƙaruwa. In an yanke da wuri a yi asara, in an jira a iya rasa duka. Ƙungiyar tana da kwamfuta da ke gwada ruwan saman da ya sauka a yamma, inda kogin ke fitowa, da awon kogi na shekarun baya, ta nuna abin da ke tafe. Tsohuwar ta mutu, sabuwar kuma ta kasa buɗe fayilolin ruwan sama, domin ba ta da laburare, wato manhajar da ke karanta su. Sai an gina shi daga tushe. Kwana uku sakatare yana fama.

Kwalta ba ta daɗe tare da mu ba. Daga nan sai taɓo, da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa hagu da dama, da tsuntsayen jan-baki garke-garke a kan gonaki. Sau biyu muka fita muka tura mota. A bakin wata gada muka karya da dafaffiyar masara, muka sayi bandar kifi da arahar da in na faɗa a kasuwar Haɗeja za a ce ƙarya nake. Ƙarshen hanya sai kwalekwale. Na rungume filashata mai ɗauke da fayilolin aikin a cikin leda kamar jariri, mai fito yana ta dariya.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da sola a kan rufi, babu sabis ko kaɗan. Shugaban manoma, dattijo mai farin gemu, yana zaune a ƙofa tare da mutanensa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mu dai magana ɗaya ce. A wasa lauje ko a dakata?" Na ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar."

Na ɗauko littafi da biro, domin ba na taɓa na'ura ba tare da na rubuta abin da na yi ba. Matsala ta farko, tun a matakin shiri aikin ya tsaya, wai kwanan watan fayilolin ya wuce wanda agogon kwamfutar ke nunawa. Na duba, sai na ga ɗan batirin cikinta ya mutu, tana zaune a wata shekara da ta wuce tuntuni. Na gyara kwanan wata, muka wuce.

Ta biyu, kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta zubo kurakurai har allo ya cika. Sakatare ya kai yatsa layin ƙarshe ya ce, "Ka gani? Nan take kashe ni kullum." Na ce masa in gini ya rushe, tubalin tushe ake dubawa. Muka hau sama har kuskuren farko. Layi ɗaya ne: ba ta ga wani fayil na laburaren adana bayanai ba. Laburaren uku ne, kuma da jerinsu: mai matse bayanai, sai mai adanawa, sannan mai karantawa. Sakatare kuwa da na uku ya fara. Muka gina na ɗaya, muka gwada. Muka gina na biyu, muka gwada. Aka kira azahar.

Bayan tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, ta uku ta taso, kuma ita ta fi ba ni wuya. Komai ya tafi daidai, sai wajen haɗa guntayen aikin ya watse, tana neman wani wuri da babu shi a kwamfutar. Na karanta layin sau huɗu. A cikin adireshin da take nema sai na ga sunan wani mutum. Na tambayi sakatare ko wane ne. Ya sosa ƙeya ya ce abokinsa ne a Kano, shi ya tura masa jakar fayilolin gaba ɗaya, yadda muka saba tura wa juna wa'azi da hotuna. Ashe abokin ya riga ya gina rabi a tasa na'urar, ragowar aikinsa ta biyo jakar.

Na ce a share, a buɗe sabon ƙunshin fayilolin da na zo da shi a filasha. Sakatare ya ce, "Haba Malam, aikin kwana uku fa!" Na ce, "Aikin wani ne, ba naka ba." Shi na sa ya danna da hannunsa. Layuka suka yi ta gudu, har ta kai ƙarshe babu kuskure ko ɗaya. Muka buɗe fayilolin.

Suka nuna an yi ruwa mai yawa a yamma. Na fita na ce wa shugaba, "Baba, gaibu na Allah ne. Amma masu gonakin kwari su fara yanka gobe, na tudu su jira." Ya juya ya ce a sanar a masallaci.

Kafin mu tafi na kwafe matakan a takarda, ɗaya bayan ɗaya, na manna a bango. Mun shiga Haɗeja ana kiran magariba, taɓo har gwiwa.

Abin da na ƙaru da shi ke nan: a karanta kuskuren farko kafin na ƙarshe, a bi jeri, kuma kada a ɗora gini a kan rabin aikin wani. Ranar Lahadi sakatare ya hau tudu ya samu sabis ya kira ni. Ya ce ruwa ya shiga gonakin kwari da safe, bai tarar da komai ba sai kututturen shinkafa.